Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin 'Yan Sanda: A Koya wa Jami'ai Gane Ginin da Ke Kashe Mutane

Zuwa ga shugabannin rundunonin 'yan sanda, da kwamandojin kwalejojin horar da kurata, da masu tsara manhajar horo.

Ranku ya daɗe, muna gaishe ku gaisuwar ban-girma, da fatan kuna lafiya, ku da jami'an da ke ƙarƙashinku. Allah ya taya ku riƙon wannan nauyi.

Mu da muka sa hannu a wannan wasiƙa ma'aikata ne da sana'a ta haɗa mu da gini da kuma lafiyar waɗanda ke cikinsa: duba-gari, injiniyoyin gini, 'yan kwana-kwana, likitoci da nas-nas na sashen gaggawa. Muna magana da yawun mutanen da ke kwana ko aiki a gine-ginen da aka yi, ko aka sauya musu fasali, ba bisa ƙa'ida ba. Muna kuma magana da yawun ƙananan jami'anku, waɗanda ake tura su cikin irin waɗannan wurare dare da rana ba tare da an gaya musu abin da ke jiran huhunsu a ciki ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani giɓi ne da muka daɗe muna gani. Kurtu yana shafe watanni yana koyon fareti, da doka, da riƙe makami, da ɗaukar jawabi. Sai ya fito aiki bai san cewa ɗakin da mutum uku suka kwana suka tashi da ciwon kai iri ɗaya abin tsoro ne ba. Bai san wace tsaga a bango ce ta shafe kawai, wacce ce ke cewa a fitar da kowa yanzu. Ko ya ga abin da hankalinsa bai kwanta da shi ba, bai san ofishin da zai gaya wa ba, kuma takardar rahotonsa ba ta da gurbin rubuta shi.

Za ku iya cewa duba gini ba aikin ɗan sanda ba ne, kuma gaskiyarku. Sai dai ku dubi wanda ke shiga waɗannan wurare. Duba-gari da rana yake zuwa, galibi sai an kai ƙorafi, kuma sau da yawa labarin zuwansa ya riga shi isa. Kafin ya iso an share, an fitar da janareta waje, an cire kwaɗon da ke ƙofar baya. Shi kuwa ɗan sanda ƙarfe biyun dare ake kiransa, kan rigimar iyali ko sata ko hayaniya, ya tarar da gidan yadda yake a kullum: katifu goma a ɗakin da ba taga, wayoyi tsirara a saman matakala, ƙofar fita da sarƙa. Babu wani ma'aikacin gwamnati da ke ganin cikin gidajen mutane a irin wannan yanayi kamar shi.

A ranar 2 ga Disamba 2016 gobara ta tashi a wani sito da ake kira Ghost Ship a birnin Oakland na jihar Kalifoniya a Amurka, mutum 36 suka mutu. Sito ne a takarda, amma mutane na zaune a ciki, ana kuma shirya shagulgula a saman benensa, matakalar hawa ma an haɗa ta ne da katakon ɗora kaya. Takardun da hukumar birnin ta fitar daga baya sun nuna 'yan sanda sun sha zuwa wurin a shekarun da suka gabaci gobarar, alhali masu duba gini na birnin sun shekara 30 ba su leƙa cikinsa ba. Waɗanda ke da hurumi ba su shiga ba, waɗanda suka shiga kuma ba a koya musu abin da za su yi da abin da suka gani ba. A 2020 birnin ya amince ya biya diyyar dala miliyan 32.7.

Bari mu fara da abin da ya fi kisa a ɓoye, wato iskar kabon monoksaid. Tana fitowa ne daga duk abin da ke ƙona mai ko gas ko gawayi a wurin da iska ba ta wadata ba: janareta a lungun cikin gida ko a ƙarƙashin matakala, kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas da aka kafa a banɗaki ba bututun fitar da hayaƙi, ko aka kafa bututun ya goce. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 ko sama da haka, don haka mutum yana numfashi amma jikinsa na shaƙewa.

Ga yadda lamarin ke zuwa wa jami'inku. Maƙwabta sun kira da asuba, sun ce tun daren jiya ba a ji motsin mutanen wani ɗaki ba. An ɓalle ƙofa. Mutum huɗu na kwance, biyu ba sa numfashi, ɗaya ya yi amai a gefen katifa, na huɗun yana sambatu kamar wanda ya bugu. Tagogi a rufe, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa. A lungun da ke bakin ɗakin ga janareta, ya mutu da kansa don mai ya ƙare, jikinsa da sauran ɗumi. Jami'in da ba a horar ba zai fara tunanin guba a abinci. Zai tambayi wanda ya yi girki, wataƙila ya sa wa mai sambatun ankwa, ya zauna cikin ɗakin rabin awa yana rubuta jawabi, har kansa shi ma ya fara sarawa bai san dalili ba. Wanda aka horar kuwa da ya ga mutane da yawa sun faɗi tare a rufaffen wuri, abu na farko da zai zo masa a rai shi ne iska. Zai wangale ƙofa da tagogi, ya ja masu rai zuwa fili, ya kira motar asibiti da 'yan kwana-kwana, ya kuma buga ƙofofin ɗakunan da ke gefe da na sama, domin iskar na bin silin da ramukan bututu. Zai gaya wa ma'aikatan asibiti abin da yake zargi tun a waya, saboda 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin tana ruɗuwa da wannan guba, ta nuna komai lafiya alhali ba lafiya ba. Sai an ɗebi jini, kuma da wuri, tunda gubar na raguwa da zarar mutum ya fita fili: a iskar waje rabinta na fita cikin awa 4 zuwa 5, da oksijin tsantsa kuwa cikin kamar awa ɗaya da rabi. Idan aka yi jinkiri shaidar ta gudu. Kuma ko wanda ya ce ya warware dole a kai shi asibiti, balle mai juna biyu, domin illar da ke taɓa ƙwaƙwalwa na iya bayyana bayan kwanaki ko makonni.

Ana auna wannan iska da kashi cikin miliyan, abin da na'ura ke rubutawa ppm. A 35 yawancin na'urorin auna iska da ake maƙalawa a jiki ke fara ƙara. A 200 ciwon kai na kama mutum cikin awa 2 zuwa 3. A 800 jiri da tashin zuciya da jijjiga na zuwa cikin minti 45. A 1,600 mutum na iya mutuwa kafin awa 2. Ƙaramin janareta a rufaffen wuri na iya wuce waɗannan alƙaluma cikin mintoci, shi ya sa ake cewa a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa da taga. A Disamba 2024 an tsinci gawar mutum 12 a ɗakunan kwanan ma'aikatan wani gidan abinci a Gudauri ta ƙasar Jojiya, bayan an kunna janareta a cikin gini kusa da inda suke barci. Muna roƙon a cire wa jami'ai wata tatsuniya guda: cewa za a gane wanda wannan iska ta buga da jan fata. Wannan alama ba kasafai ake ganinta a mai rai ba, kuma wanda ya tsaya jiranta ya makara. Haka nan takunkumin hanci, ko wane iri ne na tace ƙura, ba ya tare ta ko kaɗan.

Na biyu, hanyar fita. Wannan ita ce mafi sauƙin koyarwa, ba ta bukatar na'ura, ido kawai. Wurin da ke tara jama'a ya kamata ya zama da ƙofofin fita biyu aƙalla, nesa da juna, masu buɗewa zuwa waje, waɗanda ba sai an nemi mai makulli ba. Ƙofar da ke buɗewa ciki, da zarar mutane sun danno ta babu mai iya janta. Jami'i ya dubi sarƙa da kwaɗo a ƙofar gaggawa, kaya da aka jibge a matakala, tagogin da aka yi wa ƙarfe gaba ɗaya ba a bar ko ɗaya mai buɗewa ba, da soson katifa da ake manna wa bango don hana sauti fita. Wannan soso idan ya kama wuta yana fitar da hayaƙi mai ɗauke da gubar sayanaid. Shi ne ya ci a gidan rawa na Station a jihar Rhode Island ta Amurka a 2003, inda mutum 100 suka mutu, ya sake ci a gidan rawa na Kiss a Santa Maria ta Brazil a 2013, inda 242 suka mutu kuma ƙofar fita ɗaya ce tak. A irin wannan gobara abin da mutane ke da shi bai wuce minti ɗaya ko biyu ba.

Akwai darasi na musamman gare ku a ginin Usindiso na birnin Johannesburg, wanda ya ƙone a ranar 31 ga Agusta 2023, mutum 76 suka mutu. An yanyanka cikinsa da katako da kwali an yi ɗakuna, an toshe hanyoyin fita. An taɓa kai samame ginin a 2019, an kama mutane, aka tafi aka bar shi yadda yake. Samame ya kama mutum, bai buɗe ƙofa ko ɗaya ba.

Gas ɗin girki kuma ƙa'idarsa gajeriya ce, amma akasinta mutane ke yi. Ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, ya gangara rami da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da magudana. Kashi 2 cikin 100 kawai na iskar ɗaki ya isa ya fashe. Jami'in da ya shiga ya ji wari, hannunsa da kansa zai nufi makunnin fitila ko rediyon da ke kafaɗarsa. To, kada ya kunna komai, kada ya kashe komai, ya rufe kan silinda idan yana kusa, ya buɗe ƙofofi, ya fitar da mutane, sai ya yi nisa sannan ya yi kira. Wutar lantarki ma haka: fis da aka maye gurbinsa da zaren waya, haɗin da ya tsallake mita, soket da ya yi baƙi, gidan da taɓa famfo ke jan mutum. Wanda wuta ta riƙe ba a taɓa shi da hannu sai an yanke ta daga tushe.

Na uku, ginin da ke shirin faɗuwa. Gini ba kasafai yake rushewa ba tare da ya yi magana ba. A ranar 23 ga Afrilu 2013 tsagogi suka bayyana a Rana Plaza, bene mai hawa 8 a Savar ta Bangladesh, wanda aka ƙara wa hawa ba da izini ba aka kuma ɗora masa manyan janareta a sama. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Ma'aikatan ɗinki kuwa aka ce su koma aiki washegari, ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. Kwana guda cur aka samu na gargaɗi.

Ba mu ce ɗan sanda ya zama injiniya ba, amma akwai alamomin da kowa zai iya koya cikin yini ɗaya. Tsaga siririya kamar gashi a jikin shafe yawanci ba komai ba ce. Wadda ta haura milimita 5, wato biro na neman shiga, ta cancanci a kira injiniya. Wadda ta kai milimita 15 zuwa 25, yatsa na shiga, babba ce. Ya kuma lura da fasalinta: wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta bayyana a jikin ginshiƙi, ta fi wadda ke tsakiyar bango hatsari. Sai ƙofofin da suka daina rufuwa cikin 'yan kwanaki, da dakalin bene da ya lotsa a tsakiya, da kankaren da ke ɓantarewa rodi ya fito da tsatsa, da ƙarar ƙas-ƙas ko yashi da ke zubowa daga sama. Ya ɗaga kai ya ga abin da aka ɗora wa rufin: kowace lita 1,000 ta ruwa tan guda ce, tankin lita 5,000 kuwa tan 5 ne zaune a wuri ɗaya da wataƙila ba a lissafa shi ba lokacin zane. A wurin da ake kan gini, ya san cewa ƙarfin kankare a kwana 28 ake auna shi, don haka cire katakon tokara bayan 'yan kwanaki a ci gaba da ɗora hawa a kai ganganci ne. Idan alamun sun taru, a fitar da mutane, a ja igiya a nisan da ya kai tsayin ginin sau ɗaya da rabi, kada a bar kowa ya koma ɗauko kaya.

Na huɗu, ramin masai da tankin ƙazanta da rijiya. Nan ne jami'anku masu zuciya suka fi mutuwa. An ce wani ya faɗa rami bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi bai fito ba, ɗan sanda ya iso jama'a na kallonsa, sai ya ɗaura hankici a hanci ya sauka. Ruɓaɓɓiyar ƙazanta na fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ita ma ta fi iska nauyi. Makircinta shi ne idan ta kai wajen 100 ppm tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce. Daga 700 zuwa sama, shaƙa ɗaya ko biyu ke kayar da shi. Ko ba ita, oksijin ɗin ramin na iya sauka daga kashi 20.9 da aka saba zuwa ƙasa da 19.5, inda hatsari ke farawa. Tun 1986 cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta yi gargaɗin cewa sama da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu zuwa ceto ne. Dole a gaya wa kurtu ƙarara, kuma daga bakin shugabansa, cewa ƙin sauka ba ragwanci ba ne. Aikinsa ya tare bakin ramin, ya hana na gaba shiga, ya kira masu tukunyar iska da igiyar ja.

Sauran haɗurran a hankali suke cin mutum, kuma su ne suka fi shafar lafiyar al'umma baki ɗaya. Masai da aka haƙa ƙasa da mita 30 daga rijiya, ko bututun ƙazanta da ke yoyo kan na ruwan sha, ƙofa ce ga kwalara da taifot da ciwon hanta. Ko ɗan lanƙwasan bututun da ke ƙarƙashin magudanar banɗaki, wanda ruwan da ke kwance a cikinsa ke toshe iskar masai, yana da muhimmanci: a 2003 bushewar irinsa a rukunin gidaje na Amoy Gardens a Hong Kong ta taimaka wa cutar numfashi ta SARS ta bi benaye, sama da mutum 300 suka kamu, 42 suka rasu. Ɗakunan da aka yanka aka cusa mutane ba taga gona ce ga tarin fuka. Danshi da fumfuna suna tayar da asma, kuma a 2022 mai binciken musabbabin mutuwa a Ingila ya tabbatar cewa fumfunar gidan haya ce ta kashe wani yaro ɗan shekara 2 a garin Rochdale. Tsohon fenti mai dalma da ke ɓarewa, yara na kai shi baki, kuma babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka sani ba ya illa. Waɗannan ba na korar mutane cikin dare ba ne, na rubutawa ne a miƙa wa duba-gari.

Ku dubi lafiyar mutanenku kuma. Jami'in da aka sa gadin ginin da ya rushe yana tsaye awa 12 cikin ƙura ba takunkumi. Idan akwai asbestos a rufi ko silin, zarensa na zama a huhu, ciwon dajin da yake haddasawa kuma sai bayan shekara 20 zuwa 50 yake fitowa, lokacin mutum ya yi ritaya babu mai danganta ciwon da aikinsa. Ya koma gida da kakin nan, matarsa ta kakkaɓe, 'ya'yansa su shaƙa. A harin 11 ga Satumba 2001 rundunar 'yan sandan birnin New York ta rasa jami'ai 23 a ranar, amma waɗanda cututtukan ƙurar wurin suka kashe daga baya sun haura 200.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke nema.

A sa wannan darasi cikin manhajar kurata, a ba shi aƙalla awa 16, sannan awa 4 na tuni kowace shekara ga waɗanda ke bakin aiki, har da sajoji da sufetoci, domin su ne ke karanta rahoto su yanke abin da za a yi da shi. Rabin lokacin a yi shi a cikin gini na gaske, kurtu ya sa biro a tsaga, ya ji ƙarar na'ura kusa da janareta, ya tura ƙofar da ke buɗewa ciki mutum goma na bayansa. Gani ya kori ji. Masu koyarwa su kasance duba-gari da injiniya da ɗan kwana-kwana da likitan gaggawa, kuma a yi jarrabawa a kai kamar sauran darussa, in ba haka ba za a mayar da shi lokacin hutu.

A ba kowane jami'i kati na aljihu mai matakai uku. Abin da ke bukatar a fitar da mutane nan take a kira agaji: ƙarar na'urar iska, warin gas, gini mai motsi, taro a wurin da aka kulle ƙofar fita. Abin da za a kai rahotonsa kafin a tashi daga aiki: tsaga babba, ƙazanta kusa da ruwan sha, wayoyi tsirara, mutane na kwana a sito ko shago. Da abin da zai iya jiran mako guda, kamar fumfuna da ɓarewar fenti.

Kayan aiki: 'yar na'urar kabon monoksaid da ake maƙalawa a ƙirji, ɗaya ga kowace tawagar sintiri, da na'ura mai auna iska iri huɗu a kowane caji ofis, da takunkumi mai tace ƙura sosai na ajin FFP3 ko P100, da safar hannu. A nan ne shirye-shirye irin wannan suka fi mutuwa, domin ana saye a raba a manta. Hancin waɗannan na'urori na tsufa cikin kamar shekara 2, kuma sai ana gwada su da ɗan kwalban gas na gwaji a kai a kai. Na'urar da ta mutu tana nuna sifili ta fi rashinta sharri, tunda jami'i zai amince da ita ya shiga. A naɗa mutum ɗaya da sunansa a kowane ofis wanda gwaji da canji ke wuyansa.

Sai hanyar kai rahoto, wadda in babu ita duk horon ya tashi a banza. A ƙara gurbi a takardar rahoto: adireshi, abin da aka gani, hoto idan doka ta yarda, adadin mazauna, ko akwai yara. A rattaba yarjejeniya a rubuce da hukumomin gini da lafiya da kashe gobara, wadda ta faɗi wa zai karɓa, har da dare da ranakun hutu, da kwana nawa yake da shi ya je ya duba. Kowane rahoto ya sami lamba, kuma a dawo wa jami'in da ya rubuta da amsar abin da aka yi. Wanda ya kai rahoto sau uku bai ji komai ba, ba zai kai na huɗu ba. A kuma yi wa adireshin alama a ɗakin karɓar kira, don tawagar da za a tura gobe ta san abin da za ta tarar.

Akwai iyakar da muke roƙon ku rubuta ta da manyan baƙaƙe, domin mun san ta inda wannan shiri zai iya lalacewa. Horon bai ba ɗan sanda ikon cin tara ba, ko rufe gini, ko neman takardun izinin gini a hannun mutane, ko shiga gida ba sammaci da sunan duba lafiya. Idan aka bar wannan ƙofa a buɗe, ilimin zai koma abin tatsar masu gida da 'yan haya, kuma gurɓataccen jami'i zai karɓi toshiyar baki a kan ƙofar da gobe za ta kashe mutane. Ɗan haya da ke kwana a ɗaki mara taga ba mai laifi ba ne, rashin hali ne ya kai shi. Idan mutane suka fahimci kiran 'yan sanda na jawo a watsa musu kaya waje, matar da ake duka ba za ta kira ba, wanda aka yi wa fashi ma zai yi shiru, kuma za su ƙara ƙulle kansu a ciki. Saboda haka duk fitar da mutane da ba ta gaggawa ba ta bi ta hannun hukumar da doka ta ba iko, tare da shirin inda za su kwana, kuma kada a bayyana wa mai gida wanda ya yi ƙorafi.

A buɗe rajistar abin da jami'i ya shaƙa ko ya taɓa a bakin aiki, da rana da wuri da tsawon lokaci, ta bi fayil ɗinsa har bayan ritaya. A kuma kafa doka cewa duk mutuwar mutum biyu ko fiye a rufaffen ɗaki sai an auna iskar wurin an gwada jini kafin a tuhumi kowa, kuma kada a taɓa janareta ko na'urar dafa ruwa ko bututun hayaƙi sai an ɗauki hotonsu yadda aka same su.

Buƙatarmu ta ƙarshe ta shafi gine-ginenku. Bariki da caji ofis da ɗakin tsare mutane su ma ƙa'idar gini ta hau kansu, kuma wanda ke tsare ba shi da ikon buɗe wa kansa ƙofa ko taga. A bar duba-gari da 'yan kwana-kwana su fara zagayen daga nan: ina janareta yake, iska na shiga sel ko ba ta shiga, makulli na hannun wa da dare, minti nawa ake ɗauka a fitar da kowa. Kurata su raka su, ya zama darasinsu na farko.

A shirye muke mu rubuta manhajar, mu tsara katin, mu kuma koyar da rukunin farko na malamanku. Muna roƙon ku ba mu amsa a rubuce cikin kwana 60, ku faɗi jami'in da kuka wakilta mu zauna da shi, da zangon ɗaukar kuratan da za a fara da shi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare jami'anku a bakin aiki.

Naku cikin girmamawa,
Duba-gari, injiniyoyin gini, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan sashen gaggawa da suka sa hannu.